Zan kai Hajiya Akara ta ga yayarta: mota ko jirgi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma na fi son wanda ya taɓa bin hanyar da ƙafarsa ya yi magana. Mahaifiyata a Akara aka haife ta, a unguwar Sabon Zango, a 1957, shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai. Fataucin goro ne ya kai kakanmu can har ya zauna. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice, shi ne suka tattaro ya-nasu-ya-nasu suka dawo Kano a bayan babbar mota, tana da shekara 12. Yayarta kuwa ta riga ta auri ɗan ƙasa, sai aka bar ta can. Tun ranar ba su sake haɗa ido ba. Da can wasiƙa ce, daga baya kaset ake naɗa a ba fatake, yanzu kuma kiran bidiyo duk Juma'a, su gaisa, su yi kuka, su kashe waya.

Bana Allah ya hore mini abin da zan kai ta. Matsalar ita ce ni jirgi nake so, ita kuma ta kafe. Ta ce a mota ta fito daga Ankara, haka take kiran garin har yau, kuma a mota za ta koma. Tana da ciwon gwiwa da hawan jini. Me za ku ce mini? Kuma wace takarda zan fara nema?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na yi shekaru ina jan mota tsakanin Legas da Akara, bari in shimfiɗa maka hanyar ka auna da kanka.

Kano zuwa Legas wajen kilomita 1000 ne, wuni da kwana a zaune. A Legas ko dai ka shiga manyan motocin da ke tashi daga Jibowu da asuba su kai ka Akara kai tsaye, ko ka je Mile 2 ka hau ƙananan motoci ta Badagiri zuwa Seme. Daga Seme ka shiga Benin, ka ratsa Kwatano, ka fita ta Hilakonji, ka shiga Togo. Togo a bakin teku siririya ce, ba ta wuce kilomita 50 da ɗoriya ba, kafin ka gyara zama ka ga Lome, kuma Lome manne take da iyakar Aflao. Daga Aflao sai ka haye kogin Volta a gadar Sogakope, ka bi ta Tema ka faɗa Akara.

Duka tsakanin Legas da Akara bai kai kilomita 500 ba, amma yini guda yake ci, wani lokaci har dare ya raba. Ba tafiyar ce ke cin lokaci ba, tsayuwar ce. Iyaka uku, hatimi shida a fasfo: fita, shiga, fita, shiga, fita, shiga. A wasu wuraren sai kowa ya sauko ya taka da ƙafa ya bi layi, rana na dukansa, ga 'yan canji da 'yan dako suna ta jan hannun riga. Mai ciwon gwiwa ta hau matakalar doguwar mota ta sauko sau shida bayan ta kwana a hanyar Legas? Ni dai uwata ce ba zan yi mata haka ba.

'Yar Kantin Kwari:
Baba Direba, ka yi haƙuri, ka tsorata shi da yawa. Ni mace ce, na haura hamsin, kuma ina bin hanyar nan sarin atamfa. Tsofaffin da suka girme wa Hajiyarsa ina ganinsu a mota da carbinsu da butarsu, suna isa lafiya lau. Wa ya ce dole a yi ta a zama ɗaya? A kwana biyu a Agege, akwai 'yan'uwa Hausawa birjik. A kwana a Kwatano, unguwar Zango tana nan da babban masallacinta, za ka ji Hausa kamar kana Sabon Gari. Washegari a ƙarasa.

Kuma ku tuna da kaya. Matar da ta yi sama da shekara hamsin ba ta ga yayarta ba, ai ba da jaka ɗaya za ta je ba. Daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, turaren wuta, zannuwa, hulunan 'ya'ya da jikoki. Jirgi awo yake yi, abin da ya haura sai ka biya. Sannan kuɗin kujera biyu na jirgi zuwa da dawowa, in ka rage na mota a ciki, ragowar za ta yi wa 'yan'uwan can alheri mai yawa. Uwa ta faɗi abin da take so, ni ban ga dalilin tanƙwara ta ba.

Bamaraɗe:
Ni tambaya ce da ni kafin a yi nisa: shin kana tunanin bi ta arewa? In haka ne ka cire shi daga ranka. Da can mutanenmu sukan bi ta Gaya ta Nijar su haye gada zuwa Malanbil a Benin su gangara Paraku, ko su bi ta Yamai zuwa Wagadugu su sauko Tamale da Kumasi. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 iyakar Gaya ta shiga rikici, lokacin da na bi ta ƙarshe a kwalekwale aka tsallakar da mu da kayanmu. Hanyar Burkina kuwa ba ta da tsaro. Ba hanyar da za a bi da tsohuwa ba ce.

Ɗan Fagge:
A'a, ban ma kawo ta arewa ba. Na gode da ka faɗa don masu karatu. Hajiya ta Kantin Kwari, maganarki ta taɓa ni, musamman ta kaya, don tun da na furta tafiyar nan ta sa aka fara daka mata daddawa. Amma ina tsoron abin da Baba Direba ya faɗa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku bari in shigo ta ɓangarena, don kafin a zaɓi mota ko jirgi akwai abin da ya riga su.

Ghana na neman katin rigakafin cutar shawara, wanda ake ce wa yalo kat, ko ta sama ka shigo ko ta ƙasa. Allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, don haka ba ranar jajibirin tafiya ake yin ta ba. Kai da kake matashi ka je ofishin lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano ka yi abinka. Amma Hajiya ta haura 60, kuma a wannan shekarun allurar shawara ta farko na iya zuwa da matsala fiye da ga yara, sai likita ya duba ta ya yanke. To ga abin da nake so ka bincika yau: ka ce Hajiya ce, ke nan ta je Makka. Ka buɗe akwatinta ka nemo katin allurar da aka yi mata lokacin aikin Hajji. In akwai ta shawara a ciki, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Sai ka kai katin ofishin su duba su gaya maka yadda za a mayar da shi kan sabon kati.

Batun mota kuma, ba gwiwa kaɗai nake ji ba. Mai hawan jini ta zauna wuni da kwana ƙafa a lanƙwashe, ƙafa za ta kumbura, kuma jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Abin da na fi gani a tsofaffinmu mata shi ne suna ƙin shan ruwa a hanya don kada fitsari ya kama su a inda ba makewayi, wasu har maganin hawan jinin suke ajiyewa saboda yana sa fitsari. Nan ne haɗarin yake. Ko me kuka zaɓa, maganinta ya kasance a jakar hannu, a cikin kwalinsa, da takardar likita, kuma ya fi na kwanakin da za ku yi yawa.

Ɗan Fagge:
Wallahi kamar kin san ta. Ko Zariya za mu je ba ta shan ruwa tun daren jiya. Zan nemo katin.

Tsohon Direba:
Ga batun takarda. Biza babu, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ya zauna har kwana 90. Amma ka je da fasfo mai rai, wanda ya rage masa aƙalla wata shida. Kada wani ya ruɗe ka da cewa katin zaɓe ko takardar NIN sun isa. Akwai masu tsallakewa da su ta bayan fage a kan babur, amma wannan ba tafiyar mai mutunci da uwarsa ba ce. In fasfon Hajiya na Hajji ya mutu, ka fara da shi tun yanzu, kuma ka duba sunanta da ranar haihuwarta a NIN sun yi daidai da na tsohon fasfon, don harafi ɗaya kan tsayar da mutum makonni.

Abu ɗaya da ke ci mini rai a hanyar ƙasa: a wata iyaka na ga an riƙe fasfon wani dattijo aka ce sabo ne, bai taɓa shan hatimi ba, sai ya ba da wani abu. Babu rasit, babu doka. Ya tsaya yana rantsuwa, mota na jiransa, daga ƙarshe ya kwance bakin aljihu. Wannan ma ka sa a lissafi, Hajiya ta Kwari, ke ma kin san da shi.

'Yar Kantin Kwari:
Na sani, Baba, ban musa ba. Shi ya sa nake cewa a shiga babbar mota, su ke karɓar fasfo su kai a buga gaba ɗaya. Kuma ya riƙe sefa kaɗan don Benin da Togo, duka kuɗinsu ɗaya ne, ko ruwa da abinci a hanya. Kada ya yi canji mai yawa a bakin iyaka.

Ɗan Nima:
Salamu alaikum. Ni a Akara nake, a unguwar Nima aka haife ni, kakana Bazazzage ne. Na karanta tun daga sama, idona ya kawo ruwa, don irin labarin nan kusan kowane gida a Zango, wato unguwannin Hausawa na nan, yana da shi. Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa.

Ban shiga gardamar mota da jirgi ba tukuna. Abin da nake so in gaya maka shi ne ka shirya zuciyar Mama. Garin da ta bari ba shi za ta tarar ba. Sabon Zango na nan inda Malam Baƙo ya kafa ta tun farkon ƙarnin da ya wuce, kusa da Abossey Okai, ba nisa da asibitin Korle Bu, kuma zuriyarsa na nan da sarautarsu. Amma gari ya haɗiye ta ta ko'ina. Filayen da take tunawa duk gidaje ne da shagunan kayan mota. Ka bar ta ta taka lungunan a hankali da yayarta, da safe kafin rana ta yi zafi, kada ka cika mata kwanaki da yawon buɗe ido.

Hausarmu ma za ta ba ka mamaki. Ba mu cika raba mace da namiji ba, za ka ji an ce "Mama ya zo", kuma muna cuɗa ta da Turanci da Tuwi da Ga. Ita Mama za ta gane, watakila ma harshen yarintarta ya dawo mata.

Abinci kuwa ba za ta sha wahala ba. Da asuba akwai koko da ƙosai a kowane lungu, har waɗanda ba Hausawa ba "Hausa koko" suke ce masa. Akwai wake da shinkafa da ake dafawa da karan dafi ta yi ja, wadda duk Ghana ke kira waakye, sunan daga wakenmu ya fito. Akwai tuwon zafi da miyar ayoyo. Sai dai ka lura da shito, yajin nan baƙi mai mai da kifi, da gishiri yake, mai hawan jini ta ɗan taɓa kawai.

Lokaci: kada ku zo a Mayu ko Yuni. Ruwa ne sosai, kuma Akara na ambaliya. Ranar 3 ga Yunin 2015 ruwa da gobarar gidan mai a mahaɗar Circle da ke tsakiyar gari sun ci rayuka kusan 150, har yau ba mu manta ba. Disamba kuma gari cike yake da baƙi daga Amurka da Ingila, kuɗin jirgi da na masauki duk sai su tashi. Agusta akwai sanyi-sanyi mai daɗi, ko kuma Oktoba zuwa Nuwamba.

Malamin Sakandare:
Ɗan Nima, Allah ya saka. Ina so in ƙara wani abu don matasan da ke karantawa, kada su ɗauka zuwan Hausawa Ghana jiya aka fara. Tun kafin Bature, ayarin fatake ke tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su komo da goro. Kalmar zango kanta ai masaukin ayari ce. Kuma in za mu faɗi na 1969 mu faɗi namu: a farkon 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Ghana kusan miliyan guda suka fita ta wannan hanya ta Seme da Aflao. Jakar nan mai ratsi-ratsi da kowa ke zuba kaya a ciki daga nan ta samo sunanta, "Ghana Must Go". Ita Hajiya ta bi hanyar ta yi gabas tana kuka, bayan shekara 13 wasu suka bi ta suka yi yamma suna kuka.

Bakatsine:
Malam, ai su suka fara. Kuma har kwanan baya suna rufe wa 'yan Najeriya shaguna. Ɗan Fagge, ni shawarata ka ɗebi kaya, huluna da takalman fata na Kano, ka sayar a can ka fanshe kuɗin mota.

Ɗan Nima:
Ɗan'uwa Bakatsine, maganar wa ya fara ba za ta kai Mama wurin yayarta ba, kuma mu da ke nan mu ne dangin ɓangarorin biyu. Amma batun shaguna gaskiya ne, shi ya sa ma shawararka ke da haɗari. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, a kanta aka yi rigimar 2019 da 2020. Wanda ya shigo ziyara kada ya baje kaya. In ya zo da huluna goma ya raba wa dangi, wannan tsaraba ce, ba mai tambayarsa.

Ga wani abu game da kuɗi da ke rikita baƙi. A 2007 aka canza sidi, kuɗin Ghana, aka cire sifili huɗu, tsohon 10,000 ya zama sidi 1. Har yau wasu tsofaffi a kasuwa da tsohon lissafi suke magana, mace za ta ce maka miliyan ɗaya alhali sidi 100 take nufi. In kun shiga kasuwar Makola ku tafi da ɗan gida. Kusan komai a nan da MoMo ake biya, kuɗin waya, sai ka ba ɗan yayar Mama kuɗi ya zuba a layinsa ku riƙa amfani da shi. Agogonku kuma ku mayar da shi baya da awa ɗaya, saboda lokutan salla da shan magani.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Masauki fa? Ina tunanin in kama mana otal kusa, don gidan Inna, yayar Hajiya, ɗaki biyu ne kuma da jikoki.

Ɗan Nima:
Kai ka kama wa kanka, amma kada ka ko furta wa Mama otal. Za su kwana ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya ma in ta kama, su yi hira har asuba. Abin da za ka yi shi ne ka aika kuɗi tun yanzu a sayi katifa mai kauri da gidan sauro da fanka, a duba makewayin gidan ko mai ciwon gwiwa za ta iya, in ba haka ba a sayi kujerar roba ta bayan gida. A yi shi da sunan gyaran gida don baƙi, kada Inna ta ji kamar an raina mata wuri.

Juma'a ɗaya ka kai su babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, dab da Nima yake. In da hali a nemi iso a kai gaisuwa gidan babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, a Fadama. Ya haura shekara ɗari, kuma tsofaffin Zango ba abin da suke so kamar addu'arsa. Kai kuma in ka samu sarari ka je makwancin Kwame Nkrumah da aka gyara a 2023, da dandalin Black Star a bakin teku, duk kusa suke da juna. Ka hau trotro, ƙananan bas na haya, ka ga gari, amma Mama a tasi.

'Yar Kantin Kwari:
To ni dai har yanzu ina nan kan bakata, a tambayi tsohuwa dalilinta. Ba a banza ta ce mota ba. Ɗan Fagge, ka zauna da ita, ba a tsaye ba, ka tambaye ta me take son gani a hanyar.

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum, na dawo bayan kwana uku. Na farko, an samu katin, yana cikin jakar fasfonta na Hajji tare da hoton Ɗawafi, kuma akwai allurar shawara a ciki. Fasfon ne ya mutu, na fara cike takardun sabuntawa.

Na biyu, Hajiya ta Kwari, na bi maganarki. Bayan sallar isha'i na zauna a bakin gadonta na tambaye ta. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Ashe ba Legas take son gani ba, ba Kwatano ba. Aflao ce. Ta ce yayarta ta biyo motarsu har iyaka da goyo a bayanta, suka kwana biyu a can cikin cunkoson jama'a ana jiran a buɗe hanya, kuma a nan ta cire ɗankwalinta ta ɗaura mata, motar ta tashi. Ɗankwalin na nan, ta ciro shi daga ƙasan akwati ta nuna mini, duk ya koɗe. Shekaruna 39 ban taɓa sanin da shi ba.

Ga abin da muka tsayar. Za mu tashi ta jirgi, mu sauka Legas mu canza, daga can kusan awa ɗaya ne zuwa filin jirgin Akara. Bayan ta huta mako guda, zan ɗauki shatar mota in kai su Aflao su biyun, mu tafi da sassafe mu dawo da yamma. Ta yarda. Daddawa da kuka da zannuwa kuma Hajiya ta Kwari ta ce in kawo mata shago, za su bi motar kaya su riga mu isa. Muna duban Oktoba in Allah ya kai mu.

Tsohon Direba:
Madalla. Akara zuwa Aflao awa uku zuwa huɗu ne in Tema ba ta cushe ba, ku fita kafin ƙarfe shida. Ku tsaya a Sogakope ta miƙe ƙafa ta sha ruwa, akwai masu burodi a bakin gadar. Ku riƙe fasfo a jiki ko da ba za ku tsallaka ba, akwai shingen bincike a hanyar dawowa.

Ɗan Nima:
In an sa rana ka turo mini saƙo ta gefe. Ina da maƙwabci mai mota mai sanyi da ya san hanyar Aflao, zan haɗa ku. Ka tambayi Mama sunan lungunsu da sunan mai unguwar lokacin, in je Sabon Zango ranar Asabar in tambayi dattawa ko gidan da aka haife ta yana nan.